Awon Ƙugun Zulma

"Tsaya mana, Zulma! Sai mutsu-mutsu kike kamar an zuba miki ƙaiƙayi."

Mama Basilia ce da tef ɗin awo a hannu, fensir a bayan kunne, ta zagayo ƙugun 'yarta da safiyar Lahadi, sanyin birninsu El Alto, mai bisa tsauni, na kutsowa ta ƙarƙashin ƙofa. Zulma ta ɗaga hannaye sama, takardun lakca a ɗaya, kofin kunun jan masara a ɗayan.

"Mama, wai awon me ake yi?"

"Anko aka fitar. Bikin 'yar ƙanwata."

"Wace 'yar? Ƙanwar taki maza huɗu ta haifa."

"To ta wajen uba! Ke ba a yi miki alheri sai kin kafa kotu?"

A lungu, Kaka Tomasa na ɓare busasshen dankalin da ta jiƙa tun jiya. Ba ta ɗago ba ta ce, "Mu dai a ƙauye, tunkiyar da aka ga ana latsa ƙugunta, kasuwa za ta."

"Inna, don Allah ki ji da ɓawonki," in ji Mama Basilia da sauri.

Zulma ta kwashe da dariya. Ta zame gilashin karatunta zuwa kan hanci, ta tsuke baki, sai ga muryar Malama Roxana ta fito sak: "'Yan mata, ku lura! Duk inda kuka ga an yi wa tsohuwa tsawa, to ku buɗe littafin rubutu, akwai darasi!"

Malama Roxana ita ce ke koyar da su kwas ɗin nazarin ra'ayoyin 'yancin mata a al'adu daban-daban. Tun farkon samista suke yawo a kan takarda: yau abin da matan Faransa suka rubuta, gobe na baƙaƙen matan Amurka, jibi na Indiya da Afirka. Ajin mutum arba'in ne, maza uku kacal. Biyu sun shigo ne don sun ji ana samun maki, suna zama a baya kamar masu jiran gado a asibiti. Na ukun shi ne Efrain Limachi, shi kuwa a gaba yake zama, kuma shi ya yi awon gaba da zuciyar Zulma.

Wata bakwai ke nan da ya tare ta a tashar motar igiya, wadda ke jigilar mutane ta sararin sama, ya ce shekara biyu yana kallonta yana haɗiye magana. Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa: ba batun aure sai ta gama. Shi bana yake kammalawa, ita saura shekara guda, kuma tallafin karatun da take ci ba ya jiran kowa, wanda ya tsallake shekara an cire sunansa ke nan. Efrain ya dafa ƙirji ya ce, "Ko goma ce zan jira."

Ranar Talata aka zo kan nasu na gida. Malama Roxana ta rubuta kalma ɗaya a allo, chachawarmi, wato miji-da-mata, al'adar ƙabilarsu ta Aymara da ta ce namiji shi kaɗai rabin mutum ne, ba ya riƙe muƙami sai da mace a gefensa. Wata ɗaliba ta ce ado ne kawai, mazan na magana matan na fere dankali. Sai Efrain ya miƙe. Yana da wani salo, ya gyara wuyan riga, ya yi gyaran murya sau biyu, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Da izininki, Malama. Tun kafin matan Turai su koyi riƙe alƙalami, kakanninmu sun gama wannan lissafin. A wurinmu ba a yanke komai, ba a ɗaga ko tsinke, sai an tambayi mace!"

Aji ya ɗauki tafi. Wata a baya ta ce, "Zulma, ina kika samo wannan? Akwai saura?" Zulma ta sunkuyar da kai, kunnuwanta sun yi zafi don daɗi. Kafin a tashi Malama ta ba da asaimen: kowa ya je ya yi hira da mace mafi tsufa a gidansu, ya naɗo a waya. "Kun karanta matan duniya," ta ce, "saura wadda ke lungun ɗakinku."

Lahadi ta biyu bayan nan, Mama Exalta, mahaifiyar Efrain, ta gayyace ta cin abincin rana. Mama Exalta mace ce mai haƙoran zinare uku da rumfar barguna a babbar kasuwa, rumfar da ba ta taɓa rufewa ba, ko ranar da aka binne mijinta wata takwas da suka wuce ƙanwarta ta bari a ciki. Ta tarbi Zulma da murya kamar an zuba zuma.

"'Yata! Shigo, shigo! Dubi yadda boko ya tsotse ki. Efrain, ƙara mata nama!"

Ana cikin ci wayar Zulma ta mutu. Efrain ya ce caja na ɗakin ciki. Ta shiga, ta laluba bayan gado, hannunta ya ture wata ƙatuwar leda, kayan ciki suka zubo.

Folera ce, siket ɗin nan mai tattara bakwai, baƙa wuluk, ta matan shugabanni. Ga mayafi, ga doguwar hula sabuwa. A ƙugun siket ɗin an maƙale takarda da allura: sittin da takwas, tamanin da huɗu. Rubutun fensir ne, kuma duk duniya mutum ɗaya ne ke rubuta takwas kamar gyaɗa ta kwanta. Mama Basilia.

Ƙarƙashin hular akwai wata takardar, mai hatimin ƙauyen su Efrain na bakin tafki. Zulma ta karanta sau uku. Daga ranar ɗaya ga Janairu, shugabancin gari na shekara ya faɗo kan gonar marigayi Limachi. Masu riƙewa: Efrain Limachi da matarsa, Zulma Tarqui.

Matarsa!

Ta fito da takardar a hannu ɗaya, folera a ɗayan, tana jan ƙasa.

"Efrain, mene ne wannan?"

Cokali ya tsaya masa a hanya. Mama Exalta ce ta fara farfaɗowa. "Ayya, 'yata, kin ɓata mana bazata! Ai da ma ranar Asabar za mu zo gidanku neman aure."

"Ba da ke nake ba, Mama. Efrain?"

"Zulma, zauna tukuna. Abin yana da sarƙaƙiya. Kin san shugabanci gona-gona yake zagayawa. Layi ya zo kan ta Baba, Baba ya rasu. In muka ƙi, gari ya karɓe gonar. Kuma ba a ba gwauro bulalar shugabanci, dole sai da mata. Shekara ɗaya ce fa kacal."

"Shekara ɗaya a ƙauye."

"Eh... amma ki kalle shi ta wata fuskar. Ai wannan shi ne abin da muke karantawa, a aikace! Za ki ga chachawarmi da idonki—"

"Kar ka yi mini lakca! Yaushe ka sani?"

Ya dubi uwarsa. Ya dubi miya.

"Na ce yaushe ka sani?"

"Ranar sadakar Baba."

Zulma ba gwanar lissafi ba ce, amma wannan ko ɗan aji ɗaya zai yi. Wata takwas da rasuwa. Wata bakwai da tashar motar igiya. 

"Ashe ba ni ka gani a tasha ba. Gurbi ka gani a takarda."

"Wallahi ina sonki, Zulma! Wannan daban, wannan daban!"

"To mene ne abin kuka?" in ji Mama Exalta, zumar ta fara ƙarewa. "Boko gudu zai yi? Mu da ba mu yi ba mun mutu ne? Gonar kakanni ce fa, yarinya!"

Zulma ta ajiye folerar a kan kujera, ta ɗauki jakarta. Har ta shiga bas ba ta san ta bar wayar a jikin caja ba.

A gida ta tarar da Mama Basilia na wanke-wanke. Ta ɗauko tef ɗin awo daga kan keken ɗinki ta ajiye mata a gaba.

"Yaya bikin 'yar ƙanwar taki, Mama?"

Mama Basilia ta goge hannu a zani, ta sake gogewa. "Don ke na yi. Yaro mai ilimi, ba ya sha, ba ya duka. Kin san nawa ne irinsa a garin nan? Na ce in aka tambaye ki za ki kawo mana littafi. In kaya suka riga suka iso kuwa, kunya za ta sa ki amsa."

"Kunya za ta sa in amsa." Zulma ta maimaita a hankali. "Ke kika ce in yi karatu, Mama. Ke kika ce kar in ƙare a bakin murhu kamar ke. Kika auna ni ina shan kunu, ina dariya!"

Sai kuka ya ƙwace mata. Kwana uku tana ɗaki. Efrain ya aiko da wayar ta hannun wani direban bas, da saƙonni goma sha tara a ciki, duk sun fara da "sori". Ba ta buɗe ko ɗaya ba. Abin da ya fi ci mata rai, kewarsa take ji. Ta tuna yadda yake tare mata iska da rigarsa a tasha, sai ta tuna takwas mai kama da gyaɗa, ta sake tura kai cikin bargo.

Rana ta huɗu ta tuna asaimen jibi za a karɓa. Ta fito da kumburarrun idanu, ta zauna a ƙasa gaban Kaka Tomasa, ta danna waya.

"Kaka, hira zan yi da ke. Ta makaranta."

"Oho! Yau boko ya sauko ƙasa? Shekara uku kina karanta mini matan Faransa ina gyangyaɗi. To ƙawata, tambayi. Amma ki ɓare dankali, ba a hira da ni hannu sake."

"Kin taɓa ganin matar shugaban gari tana aikinta?"

"Gani? Ni na yi."

"Da Kakanmu?"

"Wane Kakanku! Lokacin ko saninsa ban yi ba. Da yayana Eusebio na yi. Layi ya zo kan gonarmu, shi gwauro, ni ina da sha tara. Na sa baƙar folera, na goya ganyen koka da ake taunawa a taro a baya, na dafa wa mutum ɗari biyu abinci shekara guda. Maza a benci, mu a ƙasa. Ɗuwawuna har yau suna gaishe da ƙasar nan."

Dankalin ya suɓuce daga hannun Zulma. "Kaka... da yayanki? Ba an ce dole sai da mata ba?"

"Dole sai da mace, 'yar boko. Mace! In ba mata, uwa ta tsaya. In ba uwa, 'yar'uwa. Duk bakin tafki haka ake yi, ko jariri ya sani."

"Mama Exalta ta sani?"

"Exalta? Ai uwarta ta yi da ƙaninta, ina wurin, har rawa muka yi. Amma wa zai buɗe mata rumfa shekara guda?"

"To Kaka, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Tsohuwar ta ɗago a karon farko. "Wa ya tambaye ni? Na yi maganar tunkiya aka ce in ji da ɓawona."

Ranar Asabar da hantsi suka zo, kamar ba abin da ya faru. Mama Exalta a gaba da mayafi mai ƙyalli, kawunnai biyu da kwandunan 'ya'yan itace, Efrain a baya cikin kwat ɗin da ya yi masa yawa. Aka shimfiɗa zane, aka zuba ganyen koka a tsakiya. Babban kawu ya yi dogon jawabi kan tattabaru biyu da sheƙa ɗaya. Mama Basilia sai satar kallon ƙofar ɗaki take.

Zulma ta fito da wandon jins. Ta gaida kowa da ladabi, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta tsaya a tsakiya, ta gyara wuyan rigar da ba ta da wuya, ta yi gyaran murya sau biyu, ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Da izininki, Malama," ta ce, da muryar Efrain, har ɗan rawar da yake yi a ƙarshen kalma. "A wurinmu ba a yanke komai, ba a ɗaga ko tsinke, sai an tambayi mace!"

Ƙaramin kawu ya fashe da dariya, babban ya zungure shi. Efrain ya yi fari fat.

"Haka ya faɗa a aji, Kawu, aka yi masa tafi. Ni na fi kowa tafi. Kaka, don Allah faɗa musu abin da kika faɗa mini."

Kaka Tomasa ta tauna ganyenta a tsanake, ta faɗa, har da rawar da suka yi da uwar Exalta.  Babban kawu ya sosa ƙeya ya ce, "To... ai gaskiya ne. Mu an ce mana yarinyar ce ta matsu."

"Ni na matsu?" Zulma ta juya. "Efrain, tambaya ɗaya ta rage, kuma kar ka kalli Mama. Ka san mahaifiyarka za ta iya tsayawa?"

Da ta so ya ce a'a. Wallahi da ta so. Da ya ce bai sani ba, da ta sami inda za ta rataya sauran son da ke damunta.

"Na sani," ya ce, da ƙyar ake jinsa. "Ta ce in zaɓa, ko rumfarta ko karatunki. Na ce karatu ana iya komawa."

"Ka zaɓa. Kai kaɗai."

"Zulma—"

"Ba gonar ce ta ƙona ni ba. Da ka zo ka ce, Zulma, ga halin da nake ciki, da wataƙila mun yi kuka tare mun nemi hanya. Amma ka zauna kusa da ni wata bakwai, kana aron takarduna, kana ja layi a ƙarƙashin kalmar 'yarda' da jan biro, sunana kuma na kwance a takardar ƙauye!"

Ta ɗauko ledar folerar da suka zo da ita, ta ajiye a gaban Mama Exalta, har da ɗan rusunawa.

"Ga shi, Mama. Yadin mai kyau ne. In aka saki ƙugun kamar taƙi biyu, zai yi miki cif."

"Ni kike faɗa wa haka? Basilia, kina ji?"

Mama Basilia ta daɗe tana kallon zanen ganyen. Sannan ta ce, "Ina ji. Kawo, ni zan sake miki ƙugun. Ni na yi awon farko, ni ya kamata in warware."

Haka aka yi. Ranar ɗaya ga Janairu Efrain ya rataya bulalar shugabanci a kan jan bargon da ya yafa, Mama Exalta a gefensa cikin baƙar folera, fuska kamar an aiko mata da sammaci. Aka ja ƙyauren rumfa aka sa kwaɗo.

Zulma ta koma aji. Hirar Kaka ta ci maki mafi girma, Malama Roxana ta sa aka saurara sau biyu, har wajen ɗuwawun da ke gaishe da ƙasa. Amma maki ba ya maganin ciwon zuciya. Watanni ta yi tana sauya tasha don kar ta bi ta inda ya fara tare ta. Duk wata wasiƙarsa na zuwa ta hannun direban bas. Ba ta amsa ba, ba ta kuma yaga ba. Na farko-farkon dogaye ne, cike da manyan kalmomi. A hankali suka fara gajarta. Ta wata na takwas layi uku ce: "Gwiwar Mama ta kumbura. Ni ke fere dankalin taro yanzu, maza na dariya. Buhu ɗaya awa huɗu ne, ban taɓa sani ba."

Wannan ita ce ta farko da ta karanta sau biyu.

Ranar da aka ba ta shaidar kammalawa, Kaka Tomasa ta zuba mata yankakkun takardu masu launi a ka har suka shige mata baki. Janairu na zagayowa, wata Lahadi da rana, aka yi sallama. Mama Exalta ce da sanda, ta rame, rana ta ƙone mata kumatu. Ba kawunnai, ba kwanduna. Efrain ya tsaya a waje.

Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa kusa da Kaka. "Na saba," ta ce. Sannan ta dubi Zulma. "Shekara guda ina magana a taro ba mai juyowa. Sai ɗana ya maimaita abin da na faɗa, a ce kai, shugaba ya yi tunani! Ni Exalta, da nake tsayar da layin kasuwa da murya ɗaya. Wannan na so in ɗora miki, 'yata, don kar barguna su yi ƙura. Ki yafe mini."

Zulma ta miƙa mata kofin kunu da hannu biyu. Sannan ta fita.

Efrain na jingine da bango. Bai gyara wuyan riga ba, bai ɗaga yatsa ba. Hannayensa duk sun faffashe.

"Ban zo da jawabi ba," ya ce.

"Alhamdu lillahi."

"Tambaya ce da ni. In kin ce a'a, zan tafi, ba zan aiko kowa ba."

"Ina ji."

"Zan iya dawowa Lahadi mai zuwa? Hira kawai."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta bar shi ya ji sanyin El Alto sosai tukuna.

"Wata bakwai ka yi kana ɓoye mini," ta ce. "Za ka yi wata bakwai kana tambaya. Komai. Ko kujera za ka ja, ka tambaya. In na ga dama a ƙarshe, ni zan auna ƙuguna da kaina."

"Na yarda."

"Ba a tambaye ka ba."

Daga cikin gida muryar Kaka ta taso: "Ku bar shi ya shigo mana, an ce ya iya fere! Ga buhu nan yana jira!"

Ya cika wata bakwai ɗin, har ya ɗora biyu don kansa. Ranar aurensu Zulma ta sa folera ja mai tattara tara, wadda ta zaɓi yadinta da kanta, Mama Basilia ta ɗinka tana hawaye, Mama Exalta ta rufe rumfa kwana uku ba wanda ya roƙe ta.

To 'yan'uwana mata, da ku samari masu zaƙin baki a aji, ga abin ɗauka. Haƙuri ba shi ne ki sa kayan da aka ɗinka miki a ɓoye ba. Haƙuri shi ne ki tsaya a kan gaskiyarki ba zagi ba cin mutunci, ki bar lokaci ya yi wa kowa karatu. Mai sonki zai tambaye ki, ko da yana tsoron amsar. Kuma kafin ki ƙetare teku neman abin da matan duniya suka ce, ki fara durƙusawa gaban wadda ke ɓare dankali a lungu. Ta sani. Jira take a tambaye ta.